Ranar da Kan Keken Merv Ya Ƙi Juyawa

Desley Tuckwell ta tsaya a tagar kicin da kofin shayi a hannu, ko kurɓa ba ta yi ba, tana leƙen mijinta yana kokawa da jakarsa a bakin gareji. Jakar nan ƙwallayen wasan mirginawa ne a ciki, waɗanda Merv yake zuwa bugawa a filin ciyawar kulob duk Talata, kowane ɗaya ya yi nauyin dutsen niƙa. Ya ɗaga ta da hannu biyu, hannayen suna rawa, ya jibga ta cikin kwandon gaban keke. A nan ne kullum kan keken yake waskewa gefe, tayar gaba ta karkace, keken ya nemi ƙasa. Yau ko gezau bai yi ba. Desley ta saki numfashi, sannan ta kurɓi shayin da ya riga ya huce.

Ciwon karkarwa ne ya kama Merv. Bara likita ya sa aka karɓe masa lasisin tuƙi, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motar ulu daga wannan gari zuwa wancan. Ranar bai ci abinci ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne tsohon koren keken nan, kuma abin mamaki, in ya hau shi karkarwar sai ta lafa, ka gan shi ya miƙe kamar ba shi ba. A tsaye ne ake samun matsala. Watan jiya ya tsaya a gaban gidan burodi, ya sauke ƙafa ɗaya, nauyin kwando ya fizge kan keken, taya ta juya ta shige masa tsakanin ƙafafu, sai ga Merv a ƙasa, gira a fashe, ƙwallaye suna gangarawa cikin kwata, rabin garin na kallo.

Kerryn, 'yarsu, ta taso tun daga garin Wagga a ranar. Ba ta ɗaga murya ba, ita dama ba ta ɗagawa, shi ya sa maganarta take da zafi.

"Baba, ka ƙara faɗuwa sau ɗaya, in zo in sa keken nan a bayan mota. Mama, ke ce shaida."

"Ke da wa?" in ji Merv.

"Ni da likita. Kada ka gwada ni."

Desley ta san 'yarta sarai, ba ta barazanar banza. Ta kuma san mijinta: ranar da aka raba shi da keke, ranar zai zauna a kujerar falo, ba kuwa zai sake tashi ba. Kerryn ba ta nan lokacin da ya yi makonni bai ce uffan ba bayan zancen lasisi. Ita Desley tana nan, ita ta ci wannan shirun safe da yamma.

To, wata rana a bakin babban kanti Desley ta ga wata matashiya ta kafe keke mai ƙaton akwati a gaba, cike da kaya, amma kansa a miƙe. Ta sunkuya ta leƙa, ba kunya. Ashe wani ɗan sifirin ne aka ɗaura daga gangar keken zuwa ƙarfen da ya riƙe tayar gaba, in kan ya nemi waskewa sai ya jawo shi. Shi ke nan dabarar! Ta san in ta gaya wa Merv, cewa zai yi an mai da shi jariri, gobe ma a sa masa tayoyin koyo. Don haka jiya da rana, yana barci, ta zagaya bayan gidansu inda tsohon gadon tsallen jikoki yake tsatsa, ta ɓalle sifirin ɗaya da filaya, ta ɗaure shi da waya a ƙarƙashin kwando, inda sai ka durƙusa za ka gani. Merv kuwa ya daɗe da daina durƙuso. Sifirin ɗin gajere ne, mai tauri, sai da ta sa gwiwa kafin ya kama. Ta hau ta gwada har ƙarshen layi ta dawo, lafiya lau, tun da mai tafiya a kan titi ai ba ya juya kan keke sosai.

Merv ya leƙo ta ƙofar baya, hular kwano a karkace.

"To tsohuwa, na tafi in koya wa yaran nan wasa." Yaran nan, ƙaraminsu ya ba saba'in baya.

"Ka ɗauki wayarka?"

"Tana kan firij, tana hutawa."

"Merv!"

"Wa ke kirana in ba Kerryn ba? Ita kuwa na haddace karatunta. Ki ajiye min burodin skon biyu, kada ki ba maƙwabciyarki Glenys duka."

Ya haye, ya ɗan yi tangal-tangal, ya daidaita, ya kaɗa mata ƙararrawa ya fita. Ta bi shi da ido har ya sha kwana. Wani daɗi ya ɗan ratsa ta, irin na wanda ya yi wayo ba a kama shi ba. Ta ɗauki kwandon wanki ta fita shanya.

Ba ta gama rataye zanen gado ba Glenys ta ɗora haɓa a kan shinge. Glenys maƙwabciyarsu ce, bazawara, bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, wannan ma ba wanda ya tabbatar. Yau filasta ce manne a kunnenta.

"Ke Des, zo ki ga abin da ɗan iskan nan ya yi min."

"Wane ɗan iska kuma? Kin yi sabon saurayi?"

"Ina fa! Da saurayi ne ai da na rama. Tsuntsun magfai ɗin nan na itacen turaren makarantar firamare. Ya fara, 'yar'uwa. Ko Satumba bai bari ta zauna ba. Ina tafiya salin-alin sai na ji fau! a kunne, jini har wuya. Ɗan gidan Petrakis ya soke hular kwanonsa da igiyoyin roba kamar bushiya, duk da haka sai da tsuntsun ya bi shi har bakin coci."

Desley ta yi dariya, tana karkaɗe rigar Merv. Kowa a garin ya san tsuntsun nan. Duk shekara in matarsa ta kwanta a kan ƙwai sai ya haukace, ya hana kowa bin titin makaranta, masu keke kuwa su ya fi tsana.

"Na ma gaya wa naki jiya da yamma," in ji Glenys. "Na ce Merv, ka kiyayi titin makaranta. Ya ce ai shi da tsuntsun nan sun daɗe da raba gari, zai koma tsohuwar hanyarsa ta bayan rumbuna."

Rigar ta suɓuce daga hannun Desley.

"Ta ina kika ce?"

"Ta bayan rumbunan alkama mana, ta Shingen Tumaki. Ke lafiya? Kin yi fari fat."

Shingen Tumaki shi ne wurin da masu ƙafa suke tsallaka layin dogo. An kafa ƙarafa a kowane ɓangare, masu lanƙwasa, ka shiga ka juya hagu ka juya dama kafin ka fita, kamar yadda ake tace tumaki ranar aski, shi ya sa aka sa masa sunan. Akwai allo da ya ce mai keke ya sauka. Merv bai taɓa sauka ba tun yana ɗan makaranta, abin alfaharinsa ne ma, har yanzu yakan ce duk garin ba mai ratsa shingen nan ƙafa a kan feda sai shi. Na wannan ɓangaren wata motar hatsi ta taɓa banka, ya buɗe, yaro ma sai ya wuce a guje. Na can ɓangaren ne matsattse. Sai ka haye dogo tukuna ka tarar da shi, kuma sai ka murɗe kan keke har ƙarshe kafin ka shige. Har ƙarshe. Ita kuwa jiya da gwiwarta ta ɗaure kan keken nan yadda ko rabi ba zai kai ba.

"Glenys, jirgin hatsi ya wuce yau?"

"Ban ji shi ba. Me ya faru ne wai? Des! Ke Des!"

Desley ta riga ta shige gida. Makullin mota ba ya kan ƙusa. Ta zazzage jaka a kan tebur, ta ɗaga jarida, ta leƙa cikin kwanon 'ya'yan itace, wayar Merv tana kallonta daga kan firij. Ashe makullin yana aljihun rigar da ke jikinta. Ta fita da silifas, ta tayar da mota, ta kusa kwashe kwandon shara na Glenys, Glenys tana ɗaga hannu tana magana, ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Kai, garin da ba ya da mutane, ranar kowa ya fito! A bakin gidan mai wata ƙatuwar motar tumaki ta tare titi tana ja da baya, direban yana yi a hankali kamar mai saka zare a allura. Desley ta danna hon. Mutumin ya leƙo ya ɗaga mata yatsa ɗaya na gaisuwa, yana murmushi, don ya san ta, ya san Merv. Ta ji kamar ta fita ta shaƙe shi. Tumakin suka zuba mata ido ta tsakanin katako.

Ta shiga lallashin kanta. Wataƙila ya tsaya hira a gidan burodi. Wataƙila ya ji kan keken da nauyi tun a kwanar farko ya sauka ya duba. Wataƙila yau ya yi hankali ya sauka a shingen, sau ɗaya a rayuwarsa. Ta san ƙarya take yi wa kanta. Merv ba ya tsayawa ranar Talata, ba ya dubawa, ba ya sauka. Zai shiga na farko a guje yana jin daɗin kansa, ya haye dogo, ya murɗa, kan ya ƙi. Sannan me? Tsoho mai karkarwa, da keke mai nauyin ƙwallaye, tayar baya a kan dogo.

Me za ta ce wa Kerryn? Ni ce, da filaya, da sifirin gadon tsallen 'ya'yanki?

Motar tumaki ta ba da hanya. Ta taka mai, ta bi ta gaban ofishin 'yan kwana-kwana, ta yanki layin da ba kwalta. Rumbunan alkama suka bayyana, farare, dogaye. A daidai nan ta ji shi: kukan jirgi, daga nesa, sau ɗaya. Sai kuma ya sake, ya ja shi da tsawo, bai saki ba. Desley ta girma a garin nan, ta san yadda jirgi yake kuka in gaisuwa ce, ta san yadda yake yi in direba ya hango wani abu a gabansa. Wannan ba gaisuwa ba ce.

"Wayyo Allah, Merv. Wayyo Allah na."

Layin ya ƙare a wani tudun tsakuwa. Ta bar mota a kunne, ƙofa a buɗe, ta kwasa da gudu, silifas ɗaya ya tsaya a baya. Kafin ta zagaya rumbun ƙarshe kan jirgin ya riga ya wuce, taragu suna bi, ƙasa tana girgiza. Ta isa shingen wannan ɓangaren ta riƙe ƙarfe. Ba Merv a nan. Yana can, ko yana ƙarƙashi.

Jirgin hatsi ba ya ƙarewa. Wanda bai taɓa tsayawa yana jira ya wuce da ransa a hannu ba, bai san tsawonsa ba. Ta sunkuya tana leƙe ta tsakanin taragu, kowane giɓi ƙiftawar ido ne. Ta ga kore. Tarago. Ta ga taya. Tarago. Ta ga wani abu fari a ƙasa, rigar kulob ce ko takarda, ba ta tantance ba. Ta ƙwala kiran sunansa, ita kanta ba ta ji muryarta ba. Abu ɗaya ta riƙe: jirgin bai rage gudu ba, ba ta ji ƙarar birki ba. In ya taka mutum ai zai tsaya. Ko kuwa sai can gaba yake iya tsayawa? Ta manta, duk abin da ta sani game da jirgi ya gudu daga kanta.

Taragon ƙarshe ya wuce, ƙura ta biyo shi.

Keken yana tsaye, a cushe a bakin shingen can, tayar gaba ta daki ƙarfe, a miƙe sak yadda ta so ta. Tayar baya kuwa tazararta da inda taragu suka bi bai fi tafin hannu ba. Merv yana zaune a ƙasa cikin shingen, ya jingina da ƙarfe, ƙafafu a miƙe, hular kwano a cinya. Ta tsallaka dogon ba ta ko duba hagu da dama ba, ta zube a gabansa, ta kama fuskarsa, ta shafa kai, ta shafa kafaɗu, tana neman jini. Babu, sai ɗan ƙurjewa a gwiwar hannu.

"Ka ji ciwo? Merv, yi magana mana! Ina ne ke ciwo?"

Bai dube ta ba. Hannayensa yake kallo, suna kan hular suna rawa, rawar da ba ta taɓa ganin irinta ba.

"Sun ƙi, Des."

"Su wa?"

"Hannuwan. Na shigo daidai, kamar kullum. Na ce su juya, suka tsaya. Na sa ƙarfi, wallahi na sa duk ƙarfina, kamar an riƙe ni. Na ja baya na sake, suka ƙi. Ga jirgi yana ihu. Da ƙyar na zame na rarrafo, na jawo shi ta kwando. Rarrafe, Des. Ni."

"Merv, tsaya ka ji..."

"Likita ya faɗa ai. Ya ce wata rana jiki zai daskare, ka ba shi umarni ya yi kunnen uwar shegu da kai. Na ce masa ba dai a kan keke ba. Na yi masa dariya." Hawaye ya gangaro ta gefen hancinsa, bai share ba. "Yarinyar nan ta fi ni gaskiya. Ki kira ta ta zo ta ɗauka. Na gama."

Maganar tana bakin Desley, a kan harshe. Ba hannunka ba ne, tsoho, ni ce, leƙa ƙarƙashin kwando ka gani. Daga inda ta durƙusa tana hango sifirin ɗin, ga shi nan da tsatsarsa da wayar da ta murɗa. In ta faɗa zai yi fushi, zai yi kwana biyu ba ya mata magana, sannan ya sa ta cire, ya haye kekensa ranar Talata mai zuwa, ya dawo mata da ransa da barkwancinsa. Abin da ta yi duk wannan wahala dominsa ke nan.

Sai ta dubi tayar baya. Ta dubi dogon, har yanzu yana ɗan amo. Yau sifirin ne. Gobe fa, in hannun ne da gaske? Likitan bai yi ƙarya ba, ranar tana zuwa, kuma ba wanda zai aiko mata da sanarwa. Ta tuna tsayuwar da ta yi yanzun nan a wancan ɓangaren tana leƙen farin abu a ƙasa. Ba za ta iya sake yin ta ba. Ko za a ba ta Merv na da, mai dariya, mai kaɗa ƙararrawa, ba za ta iya ba. Ta ji kunyar kanta, ta ji tausayinsa kamar ta fasa ihu, amma ta haɗiye maganar.

"Tashi mu je gida," ta ce. "Kama ni."

Ya kama kafaɗarta ya miƙe da ƙyar. Ta tsallakar da shi, ta tsayar da shi a inuwar rumbu, ta koma ɗauko keken. Sai da ta ja shi baya ta ga abin da ba ta yi tunani ba: dole ta juya shi a kan dogon kafin ta fito, Merv kuwa yana tsaye yana kallo. Ta murɗa kan, sifirin ya ja, ya ƙi. Ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kwando kamar mai tallafar nauyi, ta rufe sifirin da tafinta, ta ɗaga gaban keken ɗungurungum, ƙwallaye da komai, ta juya shi a sama ta dire. Bayanta ya amsa. Ta turo shi ta buɗaɗɗen shingen, ƙafa ɗaya ba takalmi, tsakuwa tana sukarta.

Merv ya miƙa hannu ya taɓa kan keken, a hankali, bai riƙe ba. Sannan ya ɗago ya dube ta, karon farko tun da ta iso, da idon mai roƙo.

"Des, tsakaninki da Allah. Ke yana juya miki?"

Tafinta yana kan sifirin, wayar tana huda mata fata.

"Yana juyawa, Merv," ta ce. "Lafiya lau yake juyawa."

Ya gyaɗa kai, ya sauke hannunsa, ya juya ya nufi mota yana jan ƙafa.